Amon Dala

Ni kuɗin da nake tarawa ba sa sayen ko gishiri.
Sun bar aiki tun ina wasan langa,
suna kwance cikin gwangwanayen madara goma sha ɗaya
ƙarƙashin gadona, a Rijiyar Ɗorowa.

In an sauko la'asar sai in shimfiɗa buzu,
in zube su, in goge tabarau da bakin riga.
Ba na wanke su.
Dauɗar nan ita ce takardar haihuwarsu.

Ga anini mai huda, tauraro mai tsini shida.
Na fari sanholo ne, numfashi ma na iya kore shi;
na baya ya fi shi kunya, ya fi shi nauyi.
Ga ɗari, ga kwabo da Larabci a goshinsa.
Taro iri biyu: mai santsin gefe,
da mai kusurwa goma sha biyu, goye da auduga.
Sule da kwakwarsa, fataka da gyaɗarta.
Sarki mai gemu, sarki marar gemu,
sai ranar da mace ta gaje fuskar kuɗi.
Akwai kwabon sarkin da bai cika shekara bisa gado ba:
damina uku ina cigiyarsa,
ashe yana Illela, a tiren mai sayar da ƙusoshi.

Amma dala, ita ce mai wuyar sha'ani.
Shekara guda aka rubuta wa duk danginta,
wadda ta ga jihadi da wadda aka buga jiya.
Sai ka bi gefenta da farce,
ka ƙirga ɗigon da ke kafaɗar matar,
sannan ka sake ta bisa dutsen niƙa.
Azurfa jan murya take, kamar ladan da asuba.
Darma kuwa sai ta ce taf, ta kama bakinta.

Ran wata Talata sai ga Yalli daga Acida,
mai yi wa yara allura,
da ƙullin ƙyalle mai ƙamshin ƙasan adaka.
Dala bakwai, na kakarta Tumba.
Na saki ta fari, ta amsa.
Har shida suna amsawa, wata na bin wata.
Ta bakwai ta faɗi kamar ɗanyen gwaba.

Na yi gyaran murya.
Na ce, "Ɗiyata, sai haƙuri. Wagga jabu ta."

Ta yi dariya har ta dafa ƙasa.
"Baba, wa ab bai sani ba gidanmu?
Shekarar da fara ta cinye gero a tsaye
Inna Tumba ta kai ta bakwai kasuwa, ta dawo da hatsi.
Kakanmu Modi maƙerin fari ne a Assada.
Dare uku bai kwanta ba, yana zuga,
don kada ranar suna mata su ƙirga wuyanta
su tarar da giɓi."

Na ɗauke ta na fita bakin zaure, inda haske ya rage.
Shekara talatin ina duban fuskar matar dala,
ban taɓa ganin ta da wannan haɓa ba.
Hancin ba na Turawa ba ne.
A kumatu, ƙasan ido kaɗan,
ga tsage uku, siriri, da bakin allura.

Na ce, "Ɗauki kuɗin shidan duka, bar mini ita."
Ta tura mini shidan da bayan hannu.
Ta bakwai ta koma ƙyalle, ƙyalle ya koma jaka.

Da dare na buɗe littafina mai jan bango,
inda kowane iri ke da layinsa:
nauyi, faɗi, ƙarfe, amo.
Na rubuta: Dalar Assada. Darma. Guda ɗaya aka buga.
A gurbin amo na daɗe riƙe da biro
har fitila ta fara ƙyafta ido.